Jiniyar Ƙarfe Shida da Idon Malam Ashafa

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin robar nan na Sharada ya san Malam Ashafa, ko da yake ba kowa ne ya san shi da daɗi ba. Shekara ashirin da uku yana bakin get, shi ne mai kula da shigar ma'aikata da fitarsu. Da jiniyar ƙarfe shida ta ɗauki kuka, sai ya ɗaga hannun hagu ya dubi agogo, ya ja ƙofa garam. Ko ƙafarka ɗaya ta shiga, muddin ɗayar tana waje, to ka makara. An ce ya taɓa rufe wa ƙanin matarsa, sannan ya leƙo ta ƙaramar taga ya tambaye shi mutanen gida. Da aka tuntuɓe shi kan wannan labari bai musa ba.

Mutumin Ringim ne. Ya shigo Kano yana saurayi da takalmin ƙwallo a leda, da niyyar wata rana a ji sunansa a rediyo. Gwiwa ta ƙi ba shi haɗin kai, sai ya koma busa usur. Ya yi kwas ɗin alƙalancin wasa na mako biyu, takardar tana nan a falonsa cikin gilashi, a saman hoton aurensu. Matarsa Zuwaira ta yi magana a kan wannan jeri har ta gaji.

Ranar Lahadi bayan la'asar, a filin da ke bayan katangar kamfaninsu, ake buga gasar ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai, kuma shekara goma sha tara Malam Ashafa ne ke tsakiyar fili. Ba ya karɓar ko lemo daga hannun kowa, wannan kam har masu jin haushinsa sun shaida. Cutarsa ɗaya ce, cika baki. Ba ya tashi daga majalisa sai ya buga ƙirji ya ce, "Ni ba abin da yake wuce idona." Ya faɗa a wurin mai shayi, ya faɗa a ɗaurin aure, ya taɓa faɗa a zaman makoki sai da aka taɓa masa ƙafa.

Bana sai kwamitin gasar ya ari wata doka daga wasannin Turai da suke kallo. Shugaban kwamiti, Alhaji Abdulbaqi, ya karanto ta: abin da alƙali ya gani ya yanke hukunci a kai, ya wuce, ba mai tayar da shi. Amma abin da bai gani ba, in an kawo bidiyo, kwamiti zai hukunta mai laifi daga baya. Malam Ashafa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan dokar makafi ce, ba ta shafe shi ba.

Mako uku kacal aka yi, 'yan kamfanin fata na Challawa suka haɗu da 'yan kamfanin alawa na Bompai. Saura kamar kwata a tashi aka bugo kwana, aka yi tsalle, jiniyar ƙarfe shida ta kamfani ta yi kuka. Ko da ƙura ta lafa, sai ga Inuwa, ɗan wasan gaban Bompai, wani siririn mutumin Damagaram, durƙushe yana tofar da jini, haƙorinsa na gaba a tafin hannunsa. Musbahu, mai tsaron bayan Challawa, ƙato kamar buhun gero, yana gefe yana gyara safa. Malam Ashafa ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce karo ne, a ci gaba.

Washegari da yamma ya dawo daga aiki, Zuwaira ta ajiye masa tuwo, ta ajiye waya kusa da kwanon miya.

"Malam, ka ci ka ƙoshi tukuna, don in ka kalla ba za ka iya ba."

Bai saurare ta ba, ya danna. Bidiyon wasan jiya ne. Ga Musbahu nan ƙarara ya narka wa Inuwa gwiwar hannu a baki. Ga kuma alƙali, taku biyar daga wurin, ya ɗaga hannun hagu ya duƙufa a kan agogo kamar mai jiran a sha ruwa. Ya maimaita sau huɗu, ko Allah zai sa mutumin cikin wayar ya ɗago kai. Bai ɗago ba.

"Tsautsayi ne," in ji shi. "Sau ɗaya."

Zuwaira ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Sau ɗaya? Malam, duk gasar nan an san da jiniya ta yi kuka kai ka koma bakin get. Mai jan riga ya ja, mai sa hannu ya sa. Lokacin Malam suke ce masa. Ni da ban taɓa taka filin ba ma na sani, a gidan kitso na ji."

"Tun yaushe?"

"Tun ina goyon Fiddausi."

Fiddausi kuwa bana ta gama sakandare. Malam Ashafa ya ture kwanon. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba wasa ba. Ashe duk shekarun nan yana buga ƙirji, mutane suna gyaɗa masa kai suna cizon leɓe.

Ranar Laraba kwamiti ya zauna a ƙarƙashin darbejiyar bakin filin, a kan benci biyu. Rabin Sharada sun zo, wai wucewa suke yi. Inuwa yana gefe da leɓe a kumbure, Musbahu kuwa har da sabon aski. Kafin a fara, Alhaji Abdulbaqi ya ja Malam Ashafa gefe, don abokinsa ne tun suna samari.

"Ashafa, bidiyon nan daga baya aka ɗauke ka. Kana iya cewa da gefen ido ka gani, ka ɗauka karo ne. Ka ce ka gani kawai, doka ta ɗaure mana hannu, kowa ya tafi gida da mutuncinsa."

Hanya ce mai sauƙi, kuma wallahi ransa ya biya. Kalma biyu, "na gani", sunansa ya tsira, Musbahu ya tsira, haƙorin Inuwa ya tafi a banza. Ya waiwaya ya ga Inuwa yana ta taɓa giɓin da harshe, yana rufe baki da hannu don kada a gani. Mutumin da ko gemu bai gama haɗawa ba.

Aka zauna. Alhaji Abdulbaqi ya yi gyaran murya. "Malam Ashafa, abin da ya faru tsakanin Musbahu da Inuwa, kun gani ko ba ku gani ba?"

Malam Ashafa ya miƙe. Ya gyara hula, ya sake gyarawa, ya dubi ganyen darbejiya kamar amsar tana can.

"Ban gani ba."

Wani daga baya ya ce ba a ji ba. Ƙarya yake yi, ya ji sarai.

"Na ce ban gani ba. Agogo nake dubawa."

Ba wanda ya yi dariya a wurin. Sai da aka watse, aka sha kwana, sannan aka jiyo ta tana tashi har bakin titi. An dakatar da Musbahu wasa huɗu. Ya yi ta rantsuwa cewa ba shi ya fara ba, shi ma a wurin manya ya gada, amma ba wanda ya kula shi.

Makon nan Malam Ashafa ya sha tsiya. Ma'aikacin da ya makara sai ya tsaya a bakin get ya ce, "Baba, ai ba ku gan ni ba." Ya rufe wa guda bakwai. Ranar Lahadi da zai fita fili, ya kwance agogon ya miƙa wa Zuwaira, ya ari na mataimakinsa na gefen layi ya cusa a aljihun baya. Ta ce za ta ajiye masa a saman hoton aure, tunda can ne wurin manyan kaya.

Bompai ce ke wasa da 'yan wata masaƙa, ba ci, kuma filin ya cika fiye da kullum. Ba ƙwallo aka zo kallo ba. Shida saura kaɗan kowa ya bar bin ƙwallo da ido ya koma kan alƙali. Aka bugo kwana, jiniya ta ɗauka. Hannun hagun Malam Ashafa ya taso da kansa har wajen ƙirji, ya sa na dama ya danne shi ƙasa, ya zare ido kamar mai hura wuta.

Ƙwallo ta faɗa raga. 'Yan Bompai suka ruga suna murna, sai ga usur. Malam Ashafa ya taka a hankali har gaban wanda ya ci, ya zaro katin gargaɗi. Inuwa ne, kuma da hannu ya tura ta.

"Haba Baba," in ji Inuwa, yana murmushi da giɓinsa a waje. "Ai na ɗauka bayan abin da ya faru mun zama ɗaya."

"Wancan ban gani ba, na kuma faɗa a gaban jama'a saboda kai," in ji Malam Ashafa. Ya ɗaga katin sama yadda har na kan katanga za su hango. "Wannan kuwa, ɗana, na gani."