Dodon da Ernest Ya Ƙi Kashewa

Ni aikin ido ne ya kawo ni Kuala Lumpur. Ɗana Muntasir, da ke karatu a nan, shi ya ɗauko ni daga gida. Ba a gama sallamata daga asibiti ba cutar korona ta sauko, aka kafa dokar kulle. A haka na san Ernest, maƙwabcinmu a benen da muke zaune a unguwar Cheras. Barandarsa da tamu ƙarfe ne kawai ya raba su.

Mutumin Kafanchan ne, dogo, mai sanyin murya. Karatu ya zo yi, da ya gama ya samu aikin tarbar baƙi a wani otal a Bukit Bintang. Matarsa ta rasu tun kafin ya baro gida. 'Yarsu ɗaya, Ƙauna, tana gida wajen kakarta. Yarinya ƙarama ya bari, ga shi lokacin da na san shi ta fara zama budurwa.

Da otal ya rufe, sai ya koma ƙago wa Ƙauna labari. Duk Lahadi da yamma yakan fito baranda ya ɗauki muryarsa a waya ya aika mata. Labarin zamanin da ne, na takobi da sulke da gari mai ganuwa. Akwai wani dodo mai fukafukai da ke aman wuta, yana saukowa daga dutse duk kaka ya ƙone rumbuna. Wata yarinya Larai, 'yar maƙeri, ita ta rantse sai ta kashe shi.

Yana da ƙa'ida. Ba ya fara sai ya aika da "ga ta nan, ga ta nanku", ya ajiye wayar ya jira. Sai muryar Ƙauna ta dawo da "ta zo mu ji ta" sannan ya buɗe baki. Ya ce haka mahaifiyarsa ke yi musu, in ba a amsa ba sai ta ja zane ta kwanta.

Ni idona a naɗe, ba abin yi, sai na zama mai saurare. Wata rana na ce masa, "Ɗana, wannan dodon naka ba ya mutuwa ne? Tun azumi Larai ke wasa takobi, ai ya kusa zama allura."

Ya yi dariya a bayan takunkumi. "Baba, kai ma ka ƙosa? Alkawari ne. Na ce mata ranar da za a kashe shi, a gabanta zan faɗa, muna zaune a tabarma ɗaya."

Daga nan na gane abin da ake ciki. Muddin dodon yana raye, yarinyar tana jiran ubanta.

Sai labari ya yi ta tsawo. Larai ta isa gindin dutse, aka ce gada ta karye. Ta gyara gada, takobi ya ɓace. Ta samo takobi, aka ce sai ta nemo wata tsohuwa da ta san inda ɓawon dodon yake da laushi. Da jirage suka fara tashi na tambaye shi ko zai tafi. Ya ce in ya fita ba lallai a bar shi ya dawo ba, kuma otal ɗin sun ce ya ƙara haƙuri. Ban matsa masa ba. Ba ni ke ciyar da gidansu ba.

Amsar Ƙauna ta fara jinkiri. Da, kafin shayinsa ya huce ta amsa. Daga baya sai Litinin. Har aka yi Lahadin da ya zauna da wayar a cinya, aka kira magariba na shiga na yi salla na fito, yana nan yadda na bar shi.

A shekara ta biyu, wata Lahadi ana yayyafi, saƙonta ya zo. Ya kunna ba tare da ya rage murya ba. Muryar ta yi kauri, ba wadda na saba ji ba.

"Baba, don Allah ka kashe shi kawai. Ba sai ka zo ba. Ina da jarabawa, kuma ni na girma da wannan."

Ya kalli layin dogon da ke wucewa can ƙasan benenmu. Sai ya aika mata "ga ta nan, ga ta nanku". Muka jira. Abincin da ya yo tapau, wato aka ƙunso masa daga shagon mamak na Indiyawa Musulmi, ya sandare a leda. Ba ta amsa ba.

Ya juyo ta tsakanin ƙarfen ya ce, "Baba, ka amsa min."

Na ce, "Ta zo mu ji ta."

Bai ja shi ba. Larai ta hau dutsen, ta tarar da dodon ya tsufa, fukafukansa sun yage, wutar bakinsa ko ciyawa ba ta kamawa. Ta soke shi sau ɗaya ya mutu. Da ta sauko gari, mutane suna ta sussukar hatsi, ba wanda ya ɗaga kai, don sun riga sun manta da shi. Nan ya tsaya. Bai rufe da ƙurunƙus ba, ya aika haka nan.

Washegari ya nuna min abin da ta mayar. Hoton babban yatsa ne a ɗage, irin wanda yara ke turawa.

Da aka buɗe hanya sosai na koma gida. Muntasir ya ce otal ɗin bai ƙara buɗewa ba, Ernest ya tashi zuwa wani ɗaki a Sentul, yana wanke-wanke a wani gidan abinci. Na kira Ernest da ƙaramar salla mu gaisa. Na tambayi Ƙauna, ya ce tana lafiya, ta ci jarabawarta, kakarta ce ta faɗa masa.