Sunan Inna a hannun abokina

Shekarun baya, lokacin soja na kan mulki, ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai shirya wa mutane tafiyar umra, nan kusa da Hubbare. Kwamfuta biyu gare mu, an haɗa su da waya, duk sunayen matafiya suna cikin rumbu ɗaya. Ɗaya tawa, ɗaya ta abokina, Kirista ɗan Filato, wanda ya koya mini aikin tun ina danna maɓalli da yatsa ɗaya kamar kaza na tsince gero.

Wata Alhamis ciwo ya kama shi yana kan kujera. Muka kai shi asibiti, masinjan ofishinmu ya zare wayar kwamfutarsa daga bango, ya lulluɓe ta da atamfa. Ran Asabar Allah ya yi masa rasuwa.

Litinin motar da za ta kai jerin sunaye Kano za ta tashi bayan azahar. A cikin jerin har da mahaifiyata, shekara bakwai tana mafarkin wannan tafiya, ga lambar fasfonta an shigar da kuskure. In ba a gyara ba, babu biza. Na buɗe sunanta, sai kwamfuta ta ce ba zai yiwu ba, wani yana aiki a kai. Ta kuma nuna sunan abokina.

Wallahi sai da na waiga. Fanka na juyawa a hankali, gefen atamfar na motsi, na ji kamar ya fita sayen fura ne, yanzu zai shigo yana tsokanata. Na kashe na kunna har sau uku, wai ni gwani. Shiru.

Inna na zaune kan benci da carbinta. Ta ce, "Mi ya hwaru?"

Na ce, "Inna, sunanki yana hannunsa."

"To ka roƙe shi mana, ai ba shi da rowa."

Na jawo durowarsa, na sami littafin da yake rubuce-rubuce. Ya rubuta cewa in wuta ta yanke ana cikin aiki, manhajar kan bar wani ɗan fayil kamar kwaɗo a ƙofa, sai an goge shi ƙofar ke buɗewa. Na nemo fayil ɗin. Ga sunan abokina, ga ranar Alhamis, ƙarfe sha ɗaya da kwata. Ashe lambar Inna yake gyarawa ciwon ya same shi.

Direba na ta hon, ni kuwa yatsana ya ƙi sauka. Aikinsa na ƙarshe ke nan a duniya, kuma ni zan share. Na yi bisimilla na danna. Sunan ya buɗe.

Inna ta je umra ta dawo. Tun ba ta huta ba ta sa na raka ta unguwar Gidan Dare, ta kai wa matar abokina dabino da turare.

Yau na iya wannan gyara ido rufe. Amma duk ranar da kwamfuta ta ce mini wani yana aiki a kai, ba na saurin gogewa. Nakan ɗan ba shi minti ɗaya, ko zai ƙarasa.