Yoyon Amoniya a Gidan Madara

Har yau ban manta da wata Laraba cikin damina ba, shekarata ta uku da kama aiki a gidan madarar nan da ke bayan garin Gummi. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da komai a tsare, shi ya sa nake son ku ji yadda muka yi a ranar.

A lokacin ni ce mai gwajin madara a ƙofar karɓa. Matan Fulani kan kawo madara da safe daga rugage, in duba ko ta fara tsami ko an sirka ta da ruwa, in auna, sannan a juye ta cikin tanki. Abin da ke sanyaya tankin da ɗakin ajiyar yogot wata iska ce da ake kira amoniya, wadda injin ke zagayawa da ita cikin bututu. Muddin tana cikin bututunta, ba ruwanta da kowa. Idan ta fito kuwa, tana ƙona ido da maƙogwaro, kuma in ta yi yawa tana iya kashe mutum.

Mai kula da ɗakin injina shi ne Baba Ummaru, mutumin Bukkuyum, gajere mai kaurin tabarau. Ya daɗe yana aikin gidajen ƙanƙara a birni kafin ya dawo gida. Duk wata sai ya kaɗa jiniya ya fitar da mu atisaye, muna ta gunaguni yana ta murmushi. Tsarin da ya rubuta mai sauƙi ne. Da an ji jiniya kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, a taru a gindin tsamiyar ƙofar gabas, a kira suna. Ba mai komawa ciki sai mutum biyu, shi da mataimakinsa Lawali, su ma sai sun sa takunkumin fuska mai tukunyar iska. Ni ya ɗora wa kiran suna, domin rajistar ma'aikata a teburina take kwana.

A cikin masu kawo madara akwai Inna Dudu, babbarsu. Ba ranar da ba ma gardama da ita a kan awo. In na ce lita tara ce, ta ce ita dai goma ta tatso, sai dai in tankina ne ke shan ɗaya. Amma kuma duk ranar kasuwa sai ta ajiye mini curin man shanu a ƙarƙashin tebur, ba ta ko tanka mini.

A ranar, wajen ƙarfe tara da rabi, ina tsaka da awo sai na ji wani wari mai kaifi ya soki hancina, kamar na turken dabbobi amma ya ninka shi. Kafin in ɗago, hawaye sun cika mini ido. Sai jiniya. Da na waiga na ga wani farin hayaƙi yana fitowa daga ƙofar ɗakin injina, yana bin ƙasa a hankali.

Na suri rajista na ɗaga murya: “Kowa gindin tsamiya!”

Ban yi taku uku ba aka riƙe mini hijabi ta baya. Inna Dudu ce.

“Ɗiyata, ina za ki kai mu?”

“Gindin tsamiya, Inna. Can aka ce. Ki sake ni!”

“Duba geron can,” ta ce, ta nuna gonar da ke bayan katanga. “Ina ya kwanta? Iska gabas ta nuha. Mu in wuta ta kama daji, ba mu kora shanu inda iska ka tahiya.”

Na duba. Duk ganyen geron ya karkata gabas, wato daidai wajen tsamiyar. Ga mataimakin manaja can yana ɗaga hannu yana kiran mutane zuwa ƙofar gabas, kamar yadda takarda ta ce. Shi babba ne, ni kuwa ƙaramar ma'aikaciya. Amma hayaƙin nan ina ganinsa da idona, kuma ba yamma yake yi ba.

Na ruga wurinsa na ce, “Yallaɓai, iska can take kai shi. Mu fita ta ƙaramar ƙofar yamma, wajen rijiyar burtsatse.”

Ya kalli hayaƙin, ya kalle ni. Allah Ya saka masa da alheri, bai tsaya jayayya ba. Ya ce, “Juya da su.” Ya aiki maigadi ya zagaya ta bayan katanga ya dawo da waɗanda suka riga suka isa tsamiyar.

A bakin rijiya na buɗe rajista. Ina kira ana amsawa, wasu cikin tari. Da na zo kan sunan Ramatu sai shiru. Na sake kira. Shiru. Ramatu ita ke jera yogot a ɗakin sanyi, ɗakin kuwa ƙofarsa mai kauri ce, ba lallai a ji jiniya daga ciki ba. Kuma tana da ciki wata shida.

Mijinta Sani shi ne direban motarmu. Yana jin haka ya zabura zai koma. Baba Ummaru, wanda ya riga ya goya tukunyar iska, ya sha gabansa ya dafa masa ƙirji.

“Sani, tsaya nan.”

“Baba, matata na ciki!”

“Na sani, ɗana. In ka shiga haka, mutum ukku za ni ɗaukowa, kai da ita da abin da ka cikinta, kuma ƙarhina bai kai ba. Bar ni in ɗauko biyu.”

Sani ya durƙusa a wurin yana kuka. Baba ya ja takunkumi ya rufe fuska, ya ɗauki wani takunkumin a hannu domin Ramatu, suka shiga da Lawali.

Ba su wuce minti goma ba, amma ban taɓa ganin minti goma masu tsawon waɗannan ba. Daga baya Lawali ya gaya mana abin da suka yi. Da farko sun rufe babban bawul, wato makullin tankin amoniya, domin in ba a tsayar da yoyon ba duk wanda aka fito da shi ta cikinsa zai bi. Sannan suka nufi ɗakin sanyi. Ashe Ramatu ta buɗe ƙofa za ta fito, warin ya buge ta, sai ta koma ta rufe. Ta jiƙa ɗankwalinta ta toshe ƙasan ƙofa, ta jiƙa gefen zaninta ta rufe hanci, ta zauna tana jira, daidai yadda Baba ya sha faɗa mana a atisaye. Suka sa mata takunkumi suka fito da ita tana karkarwar sanyi, idonta jajir.

Muka zaunar da ita a bakin rijiya muka yi ta kwarara mata ruwa a ido har kusan rubu'in awa, kamar yadda ƙa'ida ta ce, kafin Sani ya kai ta asibiti. Sai a lokacin na lura Baba yana riƙe da wuyan hannunsa. Amoniya ta same shi a ɗan tsakanin safar hannu da hannun riga, wurin ya yi fari. Na ja shi zuwa famfo yana cewa ba komai. Na ce, “Baba, kai ka koya mana, yau kai ma sai ka zauna.” Ya zauna kuwa, yana dariya.

Aiki bai ƙare a nan ba. Lawali ya ja mesa yana fesa ruwa sama-sama a kan sauran hayaƙin, domin ruwa na shanye amoniya. To amma ruwan da ya shanye ta ya zama guba, kuma kwatarmu rafi take gangarawa, inda shanu ke sha. Mazan suka ɗauko shebur suka tare kwatar da yashi. Inna Dudu kuma ta tura mata biyu su gaya wa makiyaya kada a kawo shanu mashayar nan sai an ce.

Da ƙura ta lafa na ji kunyar wani abu. Rajistata sunan ma'aikata kawai ke ciki. Matan da suka kawo madara, waɗanda kullum suke tsaye a gabana, ko ɗaya ba ta ciki, kuma ban tuna da su ba. Na je wurin Inna Dudu ina inda-inda. Ta ce, “Kada ki damu, ɗiyata. Ke kina kiran naki, ni ina kiran nawa. Duk sun cika.”

Bincike ya nuna robar da ke haɗa bakin wani bututu ce ta tsufa ta tsage. A taron da aka yi bayan kwana biyu, Baba Ummaru ya miƙe da hannunsa a naɗe, ya ce kafin a yi maganar roba yana da laifin da zai amsa. Ya ce da rani ya zaɓi gindin tsamiya, lokacin da iska ke tahowa daga gabas, ya manta cewa da damina juyawa take. Dattijo mai furfura ya faɗi haka a gaban yaran da ya koya wa aiki, ba wanda ya tambaye shi. Daga ranar aka sa wurin taruwa biyu, aka kafa tuta a kan tanki don a riƙa ganin inda iska ta nufa, aka sa jiniya a cikin ɗakin sanyi, aka kuma buɗe rajistar baƙi.

Ranar Juma'a Baba ya sa na raka shi ruga ya yi wa Inna Dudu godiya. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura, ta saurare shi har ya gama. Sannan ta dube ni ta ce, “To, yanzu sai ki bar gardama da ni wurin awo.” Na ce, “Wannan kam a'a, Inna.” Ta yi dariya har da tafa hannu.

Ramatu ta haihu lafiya bayan kaka. Baba ya yi ritaya ya koma Bukkuyum, da tabonsa a hannu.

Abin da na koya shi ne, takarda tana da amfani, domin ita ta zaunar da Ramatu a bayan ƙofa, ita ta hana Sani shiga. Amma mutum ne ya rubuta ta, kuma yana iya mantuwa. Saboda haka in jiniya ta kaɗa, ku bi tsari, idonku kuma a buɗe. In wani ya ce muku ku duba, to ku duba, ko da ba ya cin albashi a gidan nan. Kuma tun yau, kowannenku ya san sunan wanda ke aiki a bayan ƙofar da ke kusa da shi.