Filin Bayan Masana'anta

A shekarar da aka yi zaɓen kansiloli a unguwarmu ta Dagenham da ke London, abin da ya dami Turawan layinmu shara ce da wurin ajiye mota. Mu kuwa kabari ne damuwarmu. Ɓangaren da ƙaramar hukuma ta ware wa Musulmi a maƙabartar unguwa ya riga ya cika, duk wanda ya rasu sai a kai shi can wajen London, inda ko bas ba ya zuwa. Akwai wani fili a bayan tsohuwar masana'antar mota, ciyawa ta cinye shi, shi muka daɗe muna roƙo a ba mu.

Ina tuƙin bas a lokacin. A ƙasan flat ɗina, wato sashen da nake zaune a bene, akwai wani dattijo tela, mutumin zangon Kumasi, Baba muke ce masa. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe matarsa ta rasu, ranar Juma'a da la'asar. Kafin likita ya gama nasa aikin, ofishin da ke ba da izinin binnewa ya tashi, sai Litinin. Haka muka yi zaman makoki gawa na ɗakin sanyi a asibiti. Da aka samu izini muka yi mata sutura, muka yi tafiya mai nisa da ita, muka binne ta a bayan wata gona.

'Yan takara uku ne suka yi fice. Akwai Baturiyar da ke kan kujerar, mace mai fara'a wadda ta iya cewa salamu alaikum. Akwai yaronmu, ɗan wani likita Bakano, haifaffen nan, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Na ukun wani mai shagon kayan gini ne, shi cewa yake a gina gidaje a filin.

Muka gayyace su zauren da muke haya don sallar Juma'a. Biyu suka zo, na ukun ya aiko da uzuri. Aka yi ta maganar shara da fitilun titi, har Baba ya miƙe yana dogara sanda. Ya dubi yaronmu, ya yi masa magana da Hausarsu ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Yarona, matana ya kwana cikin sanyi kamar kifi. Yanzu ya yi nisa, ba ni iya zuwa in gaishe shi. Ni in na mutu, ina za ku sa ni?"

Yaron ya gane, na ga idonsa ya kaɗa. Ya amsa da Turanci cewa in ya ci, maganar filin ce farkon abin da zai sa a gaba. Ni na fassara wa Baturiyar tambayar. Ta dafa ƙirji, ta yi ta'aziyya, ta ce za a kafa kwamiti.

Daga ranar na shiga yi wa yaron aiki. In na tashi daga tuƙi sai in bi gida gida ina ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu su saurara, wasu su rufe tun ban gama sallama ba. Wani ya ce mini in muna son kabari mu koma inda muka fito.

Wannan bai dame ni ba kamar maganar 'yata. Tana zaune a wata unguwar daban, Stratford, ɗaki ɗaya ita da mijinta da yara biyu, bango duk danshi, ƙaramin ba ya rabuwa da tari. Ta zo gida ran Lahadi ta tarar da ni ina shirin fita.

"Abba, wai har yanzu maganar filin nan kuke?"

"Ita muke."

"Masu rai ma ba mu samu wurin kwanciya ba. Da a nan nake da ƙuri'a, wallahi mai gidajen zan zaɓa."

Na fita, amma gidaje kaɗan na shiga na dawo.

Baturiyar ce ta sake ci, yaronmu ya zo na uku. Kwamitin ya zauna, muka je, aka ba mu shayi. Kafin shekara ta zagayo aka sayar wa wani kamfani filin, ya gina dogayen benaye masu gilashi. 'Yata ta je ta tambayi kuɗin haya, ta tarar ya fi ƙarfinta. Yaron kuma ya sami aiki a wani gari, ban ga laifinsa ba.

Jikin Baba ya yi ta ja baya, har 'ya'yansa suka yanke shawarar mayar da shi Kumasi. Ya ƙi, ya ce ba zai bar matarsa ita kaɗai a bayan gonar Bature ba, amma suka fi ƙarfinsa. Ana gobe zai tashi na ari mota na kai shi maƙabartar. An sha ruwa, ƙasa ta yi laka, keken guragunsa ya ƙi shiga. Daga bakin ƙofa ya yi mata addu'a. Na nuna masa layin da take, ya ce idonsa ba ya kaiwa can.