Minti ashirin da Yallaɓai ya gani

Abubuwa da yawa na aiki sun shige mini, amma ban da ranar da aka tsallake sunan Nura a takardar zaɓe. Ku da kuka shigo ofishin wasanni kwanan nan ya kamata ku ji ta.

A lokacin ni ne mai rubuta rahoton wasa. Aikina in zauna a gefen fili da biro, in rubuta wanda ya ba da ƙwallo, wanda ya ɓatar da ita, da wanda ya ci. In an gama gasar manyan makarantu, sai kwamiti mai mutum biyar ya zauna ya fitar da wanda za a tura sansanin horo na ƙasa. A shekarar gurbi ɗaya aka ba mu.

Nura ɗan Abakpa ne, ɗan tsakiya mai lamba takwas, kuma yana ajin ƙarshe, don haka ba shi da wata baɗi. Ba ya yawan cin ƙwallo, raba ta yake yi. Kafin ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Ɗan gabansu Kabiru ya fi kowa ci a gasar, amma ni mai biro na san ƙafar da kusan dukkansu suka fito.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar wata Asabar cikin damina, ƙarfe huɗu. Kun dai san halin manyanmu: babba ba ya shiga fili sai ya cika, don a miƙe masa. Shugaban kwamiti da mutum uku suka iso saura minti ashirin a tashi. Kafin nan Nura ya riga ya ajiye wa Kabiru ƙwallo biyu a gaban raga, duka sun shiga. Sannan aka ba ɗan bayansu jan kati, kocin makarantarsu ya mayar da Nura baya ya toshe gurbin. Abin da manya suka tarar ke nan: yaro a baya yana dukan ƙwallo waje don a cinye lokaci. Sau ɗaya ma santsi ya kwashe shi a taɓo, 'yan kallo suka yi dariya.

Ranar Litinin muka zauna a ofis a Doka. Shugaba bai ko buɗe rahotona ba.

Ya ce, “Wannan mai lamba takwas da aka cika mana kunne da shi, ai ɗan duka ne kawai. Ko a unguwarmu ba zai samu riga ba, balle ƙasa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, umarnin koci ya bi. A makarantun ƙasar nan ban ga ɗan tsakiya kamarsa ba. Ga shi a rubuce, kafin ku iso...”

“Kafin mu iso? Wato mun makara ke nan?”

Na dubi Koci Ɗanladi, ɗan kwamiti ɗaya tilo da ya ga wasan tun farko. Da idona na gan shi ya yi tsalle har hularsa ta faɗi a ƙwallo ta biyu. Sai ga shi ya duƙufa yana goge gilashin idonsa, kamar ranar aka ba shi aikin.

Shugaba ya ce, “Malam Isiyaku, rahoto aka ce ka rubuta, ba ra'ayi ba. A sa Kabiru.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau bai gama hucewa ba. Kabiru ba shi da laifi. Abin da ya ƙona ni shi ne mutum ya ga wutsiyar wasa ya yanke hukunci a kan wahalar yaro ta shekara uku, kuma a fi jin nauyin ce masa ya makara a kan a zalunci ɗan mutane. Amma kada ku ɗauke ni gwarzo. Aka turo takardar gabana, na sa hannu a ƙasan nasu.

Ranar Laraba Nura ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, “Baba, ka nuna musu takardarka?”

Na ce na nuna.

“To kai ma ka sa hannu?”

Na ce na sa. Ya ɗan jima yana kallon biron da ke aljihuna, ya ce, “Ba komai, Baba. Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kabiru ya dawo bayan mako biyu, ba a riƙe shi ba. Nura kuwa bai sake sa rigar gasa ba. Ina ganinsa a Abakpa, har yanzu shi ke fara gaishe ni.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu sanin ƙwallo ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce faɗin abin da ka gani a gaban wanda bai gani ba, alhali ya girme ka a kujera. Kuna yawan tambayata amfanin layin nan na saman fom, inda ake rubuta lokacin da kowane ɗan kwamiti ya iso fili. Ni na ƙara shi. Sau biyu ana aiko mini in goge, ina ƙi. In na bar aiki, duk wanda zai goge shi a cikinku ya fara zuwa Abakpa ya faɗa wa Nura.