Ina Ne Gidanku?

Inna Laraba ba ta taɓa zama aji ba, amma ta fi shekara ashirin tana karɓar haihuwa a Diggi. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin da take rako mana masu ciki, kullum da faɗa a bakinta, kullum da goro.

Bara ƙyanda ta ɓulla, allurar rigakafin da aka samu kuma ba za ta ishi kowane gari ba. Aka turo wani masani, Malam Abdulrasheed, ya lissafa da kwamfuta inda cutar ta fi yaɗuwa, don can motar allura za ta fara zuwa. Ya tattara takardun asibitocin Kalgo da Gwandu, ya fitar da taswira: Maruda ja wur, Diggi fari fat. Aka tsayar da Asabar za a tafi Maruda.

Inna ta leƙa taswirar, aka yi mata bayani, ta ce sam, yara bakwai ta baro kwance a Diggi da safen nan. Na yi ta harararta, ko a jikinta. Malam mutum ne mai haƙuri, ya karanto mata tambayar da muke yi wa iyaye mata a asibiti, wadda da amsarta ya haɗa taswirar: ina ne gidanku?

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, mace kaka tambaya gidansu? Ai gidan ubanta za ta hwaɗa maka, inda taka aure ɗakinta na. Matan Diggi da yawa ɗiyan Maruda na."

Kunya ta rufe ni, don da hannuna na cike rabin takardun nan, kuma ni ma haka zan amsa. Muka zauna har la'asar, Malam yana kiran sunan uwa, Inna tana faɗin garin mijinta, wani lokaci har da labarin yadda aka yi bikin, wanda ba wanda ya tambaye ta. Ya sake lissafi, jan ya koma Diggi. Tambayar ma aka sauya ta: ina yaron yake kwana?

Ranar Asabar motar ta tsaya a Diggi, Inna ta bi gida-gida tana koro mata da goyonsu. Maruda ta samu nata bayan mako biyu.

Da cutar ta lafa ta zo ta same ni, fuskar nan tata sai annuri. Ta ce a ƙyandar baya gawar yara biyar ta wanke da hannunta, wannan karon ko ɗaya.