Amin, Amma a Gyara Jirgin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da yammacin Talata, tara ga watan Satumba, aka tsamo gawar Malam Yahaya Nuhu, jami'in agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, bayan ambaliyar da ta shafe wani ɓangare na Nasarawa. Maƙwabcina ne a Makera tun muna samari.

Malam Yahaya, aikinka shi ne shirin masifar da ba wanda ya san ranarta, kuma mutane ba su son mai irin wannan zance. Wasu har mai mugun baki suke ce maka. Ba ka taɓa fushi ba. Kowace damina sai ka hau tsohon babur ɗinka ka bi lungu-lungu, kana roƙon a yashe kwata, kana nuna wa mata tudun da za su gudu da yara. Inda tsohuwa ke zaune ita kaɗai, da kanka kake ɗaukar shebur.

Akwai fasasshen kwale-kwale ɗaya a bayan ofishinku, har kaji suna ƙwai a ciki. Ka sha gaya mini cewa duk taron da ka tada maganarsa, sai manya su ce "Allah ya kiyaye", a shafa, a tashi. Kai kuma ka ce, "Amin, amma a gyara jirgin." Sai a yi dariya.

Ranar da ruwan ya zo, jirgin yana nan yadda yake. Mama Rhoda, tela mai ciwon ƙafa, ta maƙale a gidanta, ruwa ya kai mata ƙirji. Ka shiga da ƙafa da igiya ɗaya, ka ɗaura mata, mutane suka janyo ta. Kai ba abin da ya riƙe ka. Ina baƙin ciki, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin haushi.

A zaman makoki manyan sun zo, suka ce wa matarka Hajiya Hafsat, Allah ya kiyaye gaba. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Amin, amma a gyara jirgin." Ba wanda ya yi dariya.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya haskaka kabarinka. Hajiya Hafsat da yara, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.